Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Mu Da Maganar Zuba Hankalin Mutum A Kwamfuta



Akwai wata magana da ta daɗe tana zagaya majalisunmu, musamman na matasa masu kallon fina-finai, kuma duk ranar da aka tayar da ita sai shayi ya huce ba a gama ba. Wai nan gaba kaɗan Turawa za su iya kwashe duk abin da ke cikin kan mutum, tunaninsa da iliminsa da abin da ya sani tun yana yaro, su zuba a kwamfuta ko a wani sabon jiki, ta yadda ko gangar jikin ta mutu shi mutumin yana nan. Dattawanmu in sun ji sukan yi ta'awwuzi su kau da kai. Matasa kuma wasu dariya suke yi, wasu kuwa sun fara yarda, don sun ga abubuwa da yawa da aka ce ba za su yiwu ba sun yiwu a gaban idonsu. Mu a ganinmu maganar ta cancanci a zauna a duba ta da natsuwa, domin akwai ɓangarenta da tatsuniya ce zalla, akwai kuma ɓangaren da ya riga ya iso cikin aljihunmu ba mu shirya masa ba.

Yawancinmu a fim muka fara cin karo da ita. Wanda ya kalli Avatar na 2009 ya ga tsohon sojan da ƙafafunsa suka shanye, a ƙarshe aka mayar da hankalinsa cikin jikin wata doguwar halitta shuɗiya. A Chappie na 2015, wanda labarinsa ya faru a Johannesburg, an adana hankalin wata mata a ɗan filas irin wanda muke zuba karatu da waƙoƙi. Masu son Indiya kuma sun ga 2.0 na Rajinikanth a 2018, inda kurwar wani masoyin tsuntsaye da ya mutu ta dawo ta mallake wayoyin mutanen gari. Amma wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne wani shiri mai dogon zango na Amurka mai suna Upload, da ya fara fita a 2020. A cikinsa in mutum zai mutu sai a loda shi zuwa wata aljannar kamfani. Mai kuɗi ya samu ɗaki mai kallon tafki, talaka kuma a ba shi gig 2 kacal a wata, in datarsa ta ƙare sai ya sandare a inda yake har wani watan ya kama. Duk wanda data ta taɓa yanke masa yana tsakiyar gaisawa da mahaifiyarsa a Funtuwa ko Gwadabawa, ya san cewa wanda ya rubuta wannan wurin ya fahimci duniya. Ko a lahirar ƙarya ma talaka a layin baya yake.

Burin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun ba da labarin sarkin da ya keta duhu yana neman ruwan rayuwa, wanda in an sha ba a mutuwa, ya dawo bai samu ba. Alhaji Abubakar Imam ya gina Ruwan Bagaja a 1934 a kan neman ruwan da ke warkar da cutar da ta gagari kowa. Umaru Dembo kuma tun 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya da Hausa tsantsa. Abin da ya canza yanzu shi ne ba marubuta kaɗai ke ba da labarin ba, har da masu dukiya da ke zuba kuɗinsu a kai. Wani attajirin Rasha, Dmitry Itskov, ya kafa shiri a 2011 da burin cewa zuwa 2045 za a iya mayar da hankalin mutum cikin jikin da ba na nama ba. Ray Kurzweil, injiniyan da ya yi aiki da Google, ya daɗe yana cewa a wannan shekarar ta 2045 ɗan Adam da inji za su haɗe, kuma ya tara takardu da wasiƙun mahaifinsa da ya rasu da fatan wata rana ya dawo da shi ta kwamfuta.

To ina aka kwana a zahiri? Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace ɗaya tana haɗe da dubban 'yan uwanta. Kafin a ce za a kwafe ta, sai an zana taswirar duk waɗannan mahaɗai. Akwai wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal. An gama zana taswirarta tun 1986, amma har yau ba a iya sa kwamfuta ta kwaikwayi duk abin da tsutsar nan mai rai take yi ba. A watan Oktoba na 2024 masana suka yi shagali don sun kammala taswirar ƙwaƙwalwar ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, mai ƙwayoyi wajen dubu 140. A shekarar dai, masu bincike na jami'ar Harvard tare da Google suka fitar da taswirar wani ɗan tsoka na ƙwaƙwalwar mutum da bai kai girman ƙwayar shinkafa ba. Sai da suka yanka shi sala-sala har kusan 5,000, kuma bayanan da suka fito daga ciki sun kai gig miliyan 1.4. Ku lissafa da wayar da ke hannunku: in mai gig 64 ce, sai an cika irinta sama da dubu 21 kafin a ɗauke wannan ɗan tsokan. Ƙwaƙwalwar gaba ɗaya kuwa ta ninka shi fiye da sau miliyan.

Kuma ko an gama taswirar, taswira ce kawai. Wanda ya riƙe taswirar titunan Legas tun daga Abule-Egba har Obalende ya san inda kowace hanya ta bi, amma bai san wa ke cikin damfo ba, bai san abin da ya fito da shi daga gida ba.

Abin da ake yawan kawo mana a matsayin hujja shi ne na'urar da kamfanin Neuralink na Elon Musk ya dasa wa wani Ba'amurke mai shanyewar jiki a watan Janairun 2024, har ya riƙa motsa alamar kwamfuta yana buga darar Turawa da tunaninsa kawai. Wannan ci gaba ne na gaske, muna kuma yi wa masu irin lalurarsa fatan ya yi araha ya iso gare su. Sai dai na'urar saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa take karantawa, mutumin yana nan cikin kansa bai je ko'ina ba. Su kuma waɗanda suka ƙosa, suka ce a daskarar da gawarsu a jira ranar da kimiyya za ta tashe su, an fara da wani malamin jami'a mai suna James Bedford a ranar 12 ga Janairun 1967. Yana nan a Arizona cikin tukunyar sanyi, shekara kusan 60 ke nan, kuma ba a taɓa tayar da ko mutum ɗaya ba. Kuɗin ajiye jiki gaba ɗaya ya kai wajen dala dubu 200. A 1979 ma an gano gawarwaki tara a Kalifoniya sun narke sun lalace, saboda kuɗin kula da su ya ƙare.

Amma mu bar maganar wahalar aikin. Mu ɗauka an yi, an kwafe komai daidai ba kuskure. A nan ne muke ganin mu mazauna Kurmi muna da abin faɗa wanda ya fi na masu shirya fim, domin shekara sama da ɗari ke nan muna aika ɓangarorin kanmu gida ba tare da mun je ba.

Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, fatauci ya sauya hanya. Kakannin da a da suke bin ayari watanni zuwa Gwanja neman goro, sai ga goro a gonakin ƙasar Yarbawa, ga tasha a Agege, ga jirgi da zai kai huhu Arewa cikin 'yan kwanaki. Haka zango ya kafu, aka yi masallaci, aka yi aure, aka haifi iyayenmu. Amma tsakanin nan da gida tafiyar sama da kilomita 1,100 ce a jirgin ƙasa, ba kullum ake zuwa ba. Sai aka dogara da sallahu: ka ba mai tafiya turmin atamfa da sabulu da kuɗi, ka ce ya gaida kowa. Daga baya aka koma wasiƙa, da ajami ko da boko, wanda bai iya ba ya je wurin mai rubutawa, a can kuma a nemo ɗan makaranta ya karanta wa tsohuwa, sirrin gida ya bi ta bakin mutum biyu kafin ya isa.

Sai kaset ya zo. Mu da muka taso a shekarun 1980 da 1990 mun ga wannan da idonmu. Maigida zai zauna bayan isha'i da rakoda a gabansa, a kori yara daga tsakar gida, ya danna maɓallai biyu tare, ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Zai gaida mahaifiyarsa, ya gaida ƙannen mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, ya ja kunnen ƙanensa a kan gona. Da safe a naɗe kaset ɗin a takarda a ba direban tirelar da ya sauke shanu zai koma. A can gida kuwa, waɗanda suka taɓa zama a wurin sauraro sun san yadda ake yi: a shimfiɗa tabarma, a nemo batir, a kunna. In murya ta ce Inna ina wuni, sai tsohuwa ta amsa da ƙarfi, lafiya lau ɗan nan, kamar yana jin ta. In ya yi abin dariya a yi dariya, in ya ambaci mamaci a share hawaye. Muryarsa ce, tarinsa ne, har irin yadda yake jan numfashi kafin ya faɗi magana mai nauyi. Amma da zarar kaset ya kai ƙarshe maɓalli ya ɗago, tambayar farko da tsohuwa za ta yi wa direba ita ce: to shi yaushe zai zo?

Mun san gidan da kaset ya isa bayan mai shi ya kwana uku a kabari a nan Legas. Motar ta lalace a hanya, labarin rasuwa ya riga ta isa. An kunna, an saurara har ƙarshe, yana cewa in Allah Ya yarda da babbar salla yana tafe. Babu wanda ya fita daga ɗakin nan yana cewa ai ga shi nan bai mutu ba.

Da wayar salula ta shigo a 2001, sannan WhatsApp da kiran bidiyo suka biyo baya, nisa ya ragu ƙwarai, mun gode Allah. Amma har yau in an yi rasuwa a gida, wanda ya yi ta'aziyya ta bidiyo ya san bai sauke nauyi ba sai ya taka ya je. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci tun kafin a ƙera kwamfuta, da ya ce zuwa da kai ya fi aike. Abin da masu almarar kimiyya suke kira ƙaurar hankali, in an duba da kyau, aike ne. Aike mai kyau, wanda ya fi kaset nesa ba kusa ba, har yana iya amsa tambaya, amma mai aiken bai motsa daga inda yake ba.

Wanda yake shakka ya leƙa Computer Village ta Ikeja, nan kusa da mu, inda ake yi wa wayoyi wannan aikin kullum. Ka sayi sabuwa, ka ba yaro tsohuwar ya tura maka lambobi da hotuna da saƙonni. In ya gama, wayoyi biyu zai miƙo maka. Tsohuwar ba ta shige cikin sabuwar ba, tana nan da kayanta da fasasshen gilashinta. In kana so a ce kayan sun ƙaura, sai dai ka goge na tsohuwar da hannunka. To haka abin yake ga mutum. In aka kwafe ka kana raye a Agege, kai za ka tashi daga kan gadon asibiti ka ga wani abu a allo yana magana da muryarka, yana kiran matarka da sunan da kai kaɗai kake kiran ta da shi, yana rantsuwa cewa shi ne kai. Ciwon bayanka yana nan a jikinka, ajalinka ma yana nan. Wannan gogewar ta tsohuwar waya ita ce fina-finan suke saurin wucewa a kanta da kiɗa mai daɗi. Wani kamfanin Amurka mai suna Nectome dai bai ɓoye ba: a 2018 ya fito fili ya ce hanyarsa ta adana ƙwaƙwalwa sai an fara ta mutum yana da sauran numfashi, kuma ba ya tashi daga ita.

Malamanmu sun karantar da mu cewa rai al'amari ne na Ubangiji, kuma abin da aka sanar da ɗan Adam a kansa kaɗan ne. Su ma masana ƙwaƙwalwa har yau ba su haɗu a kan mene ne wannan abin da ke sa mutum ya san cewa yana nan ba, balle su auna shi su zuba a mazubi. A wannan gaɓar malamin zaure da malamin jami'a ba su yi nisa da juna ba kamar yadda matasanmu suke zato. Wani ɗan uwa a majalisa ya taɓa jero tambayoyin da suka sa kowa dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. In an binne Alhaji da azahar, da la'asar kwamfuta ta ce ita ce Alhaji, matansa za su shiga takabar wata huɗu da kwana goma ko za su jira? Za a raba gado, ko za a bar masa shagonsa ya ci gaba da ba da umarni ta lasifika? In aka yi kwafi biyu, ɗaya a Legas ɗaya a Kano, suka saɓa a kan auren 'yarsa, wa za a bi? Amsar a wurinmu a fili take, an yi wa Alhaji salla an kai shi makwancinsa. Amma tambayoyin sun nuna inda rigimar za ta ɓullo, kuma ba sai an jira 2045 ba.

Domin abin da ya riga ya iso shi ne injin da ke kwaikwayon mutum daga waje, ba tare da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa ba. A 2016 wata 'yar Rasha mai suna Eugenia Kuyda ta tattara dubban saƙonnin da amininta da mota ta kaɗe ya bari, ta koya wa kwamfuta salon maganarsa, ta riƙa hira da shi bayan rasuwarsa. A 2020 wani gidan talabijin na Koriya ta Kudu ya sa wa wata uwa tabarau na musamman, ta ga siffar 'yarta da ta rasu tana da shekara bakwai, ta riƙa miƙa hannu tana son rungumar iska tana kuka. A watan Maris na 2024 kamfanin OpenAI ya sanar cewa yana da manhajar da daƙiƙa 15 na muryar mutum ta ishe ta ta yi magana da irin muryarsa, ya kuma ƙi sakin ta ga kowa da kowa saboda tsoron abin da za a yi da ita. Wasu kamfanonin ba su yi wannan kawaicin ba. A farkon shekarar ce ma aka damfari wani kamfani a Hong Kong kimanin dala miliyan 25, bayan ma'aikacinsa ya shiga taron bidiyo da shugabanninsa, ashe duk fuskokin da muryoyin na bogi ne. Hausar da injinan suke yi har yanzu tana da gargada, mai kunne yana ganewa, amma wanda ya ji yadda take shekara biyu da suka wuce ya ji ta yau, ya san gargadar ba za ta daɗe ba.

Yanzu ku duba mu. Mu al'umma ce da ke rayuwa da muryoyin mamatanta. Sheikh Abubakar Gumi ya rasu a 1992, Alhaji Mamman Shata a 1999, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a 2007, Allah Ya jiƙansu, amma ka bi ta layin masu shayi ko cikin kasuwa da safe, za ka ji muryar ɗaya daga cikinsu tana tashi daga wata waya. Sa'o'i ɗaruruwa na maganarsu suna intanet, ga duk wanda ya ga dama ya sauke. Injin da daƙiƙa 15 ta ishe shi, me zai yi da tafsirin watan azumi guda? Ranar da aka tura mana guntun sauti na malamin da ya rasu yana halatta abin da bai taɓa halattawa ba, ko yana zagin wanda bai taɓa zagi ba, ba ya nan balle ya ƙaryata. Mu tuna fa, marigayi Shugaba Buhari yana raye, yana kan mulki, sai da ya tsaya a ƙasar Poland a watan Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa ba wani Jibrin ɗan Sudan ba, kuma duk da haka wasu ba su yarda ba. Wancan jita-jita ce ta baki kawai, babu inji a ciki.

Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin kuɗin da jita-jita ke ci. Waɗanda suka ga Mile 12 a 1999 da 2016, ko Idi-Araba a 2002, ba sa bukatar a yi musu bayani. Guntun sauti guda da muryar wani shugaban al'umma, namu ko na maƙwabtanmu, yana cewa a fito, zai iya zagaya wayoyi dubu kafin mai muryar ya idar da sallar asuba.

Sai kasuwa, wadda ita ce ta kawo mu. Cinikin goro da na shanu a Abbatuwa da na tumatir da albasa, mafi yawansa a kan amana yake tafiya. Kaya na miliyoyi ya taso daga Arewa a kan kalmar baki, dillali ya sayar, kuɗi ya koma, ba takarda ba sa hannu. Littafin lissafin da yawa daga cikin manyanmu a kansu yake, yanzu kuma rabinsa ya koma saƙon murya a WhatsApp. Shi ya sa a wurin jana'iza ake tashi a yi shela, duk wanda yake bin mamaci bashi ko mamaci yake bin sa ya zo ya samu iyali. A da mai ƙarya sai ya nemo shaidun zur, ya saye su, ya yi fatan ba za su tona shi ba. Gobe zai zo shi kaɗai da waya a hannu, ya kunna, a ji muryar marigayi tana cewa na karɓi miliyan uku a wurin wane, ko shagon nan na bar wa wane. Marayu suna zaune, sun ji muryar mahaifinsu, wa zai iya buɗe baki ya ce ƙarya ne? A nan ne muka ƙara ganin hikimar abin da muka daɗe muna sakaci da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma sai da shaidu. Malaman hadisi tun ƙarnonin farko ba su karɓi magana don ta yi kama da ta mai ita ba, sai sun tambayi wa ya ji daga wa. Dillalan da suke ganin rubuta bashi kamar rashin yarda da ɗan uwa ne, lokaci ya yi da za su sake lissafi, ko don 'ya'yansu.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi taushi, wanda ba ma son mu yi masa gaggawar hukunci. Kusan kowannenmu yana da saƙon muryar wani da ya rasu a wayarsa, ya kasa gogewa. Akwai matan da suke kunna na mazajensu in dare ya yi, ba wata magana ce mai muhimmanci ba, wataƙila cewa yake a ɗora ruwa ga shi nan tafe, cunkoso ne ya riƙe shi a Oshodi. Ba mu ga laifin wannan ba, tsohuwar da ke amsa gaisuwar kaset ma ba ta yi laifi ba. Saƙon yana da iyaka, abin da ya faɗa shi ya faɗa, in ya ƙare ya ƙare. Damuwarmu tana kan ranar da za a tallata mata manhajar da za ta amsa mata, ta tambaye ta yara, ta ba ta shawara a kan ko ta sake aure, a kan naira kaza duk wata. Zaman makokinmu an gina shi ne don baƙin ciki ya samu hanyar fita: a yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, takaba ta cika, a yi wanka, rayuwa ta ci gaba. Kamfanin da cinikinsa ya dogara a kan kada ta saba da rashin, ba zai so takabar ta ƙare ba. Kuma bakin da zai riƙa magana da sunan mijin, wani ne a wata ƙasa yake riƙe da linzaminsa.

Duk wannan ana yin sa ne a duniyar da matsakaicin tsawon rai a ƙasarmu bai kai shekara 60 ba. Masu neman shekara dubu suna can, mu nan muna rasa mata a wurin haihuwa, muna rasa matasa a hanyar Legas zuwa Kano a saman buhunan albasa. Mutuwar da ta fi damun mu ba ta bukatar kwamfutar 2045, maganinta jini ne a asibiti a kan lokaci da titi mai kyau da direban da ya yi barci.

Sau da yawa bayan an dawo daga maƙabarta an kwana biyu, sai a ga 'ya'yan mamaci sun nufi Ikeja da wayarsa a aljihu. Ba wanda ya san lambar sirrin, ga lissafin kasuwa a ciki, ga lambobin abokan hulɗa, ga hotuna da saƙonnin shekaru. Mai gyara zai jujjuya ta, ya gwada abin da zai gwada, sannan ya faɗa musu gaskiya: zai iya buɗe ta, amma sai ya wanke ta tas, komai na ciki ya tafi. Wasu sukan ce a wanke, a ba ƙaramin ƙane ya yi amfani da ita. Wasu kuwa sukan karɓi abinsu a kulle su koma Agege, a sa ta a durowar uwargida, lokaci-lokaci a ciro a sa mata caji.